Maki, Takardar Asali da Gurbin Karatun Likitanci a Nijeriya

Duk wanda ke neman karatun likitanci a Nijeriya sai ya tsallake shingaye uku. Na farko kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama suna so a same su a zama ɗaya. Sai jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, mai darussa huɗu da maki 400. Tun 2005 kuma jami'o'i suka ƙara tasu tantancewar. A saman wannan duka akwai majalisar MDCN, wadda ke ƙayyade wa kowace kwalejin likitanci da ta haƙori adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Gurbi kaɗan ne, manema kuwa dubbai, don haka hana wasu ya zama dole. Abin tattaunawa shi ne ma'aunin da ake hanawa da shi.

Ra'ayina shi ne ma'auninmu ya fi auna makarantar da yaro ya fito da aljihun mahaifinsa fiye da likitan da zai zama. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta JAMB. Akwai yaron da ya taso da ita a ɗakinsa, ya yi shekara yana bitar tsofaffin tambayoyi a wurin lesin. Akwai kuma na sakandaren gwamnati a karkara, wanda Kemistirinsa duk a allo ya gan shi, bai taɓa ɗiga ruwan asid a kwalba ya ga launi ya juya ba, kuma ranar jarrabawa yana laluben haruffa da yatsa ɗaya agogo na tafiya. Idan na farko ya ci 310, na biyu ya ci 270, ba na shakkar wanda ya fi nuna ƙwazo. Sai dai jadawalin maki ba ya ganin nisan da kowa ya taho.

Gwamnatin tarayya ta san da wannan giɓi. Shi ya sa ƙa'idar jami'o'inta ta raba gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimi, waɗanda suka haɗa da yawancin jihohin Arewa da irin su Bayelsa da Ebonyi. Masu suka suna cewa wannan rage daraja ne. Ni damuwata daban ce: kason ba ya isa ga wanda aka ware shi dominsa. Hujjar da ake karɓa ita ce takardar asali ta ƙaramar hukuma. Ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi tun daga nazare, yana riƙe da takardar Yobe ko Zamfara daidai da yaron da bai taɓa barin ƙauyensu ba, kuma shi zai cinye gurbin. An yi rabon da sunan jiha, ya faɗa hannun masu hali na cikin jihar.

Wannan ba batun tausayi kaɗai ba ne, batun wanda zai zauna a asibitin ƙauye ne. A shawarwarinta na 2010 kan riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a riƙa ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara, domin su suka fi komawa can aiki. Ƙasar Tailan ta bi wannan hanya tun 1994, haka ma makarantar likitanci ta arewacin Ontario a Kanada da aka buɗe a 2005. Da za a riƙa duba sakandaren da ɗalibi ya gama, ba garin kakansa kawai ba, da kason 20 ɗin ya yi aikinsa.

Lamarin likitancin dabbobi ya fi ba ni takaici. Tsangayoyinsa a Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna tsakiyar ƙasar kiwo, amma ɗalibai da yawa suna shiga ne bayan likitancin mutane ya kuɓuce musu, suna jiran damar canjin kwas. Alhali ga ɗan makiyayi da ke gane saniya mai sammore tun daga tafiyarta da tashin gashinta, ya san yadda ake kayar da bijimi ba tare da an karya shi ba, kuma Fulani za su saki jiki su gaya masa gaskiyar abin da ke garkensu. Babu layi ko ɗaya a fom ɗin neman gurbi da ke tambayar wannan sani. Haka likitan haƙori: aikinsa na yatsu ne a cikin bakin mutum mai jin tsoro, amma ba a gwada hannunsa kafin a ɗauke shi.

Idan aka ce a gana da manema ido da ido don auna irin wannan sani, za a ce ƙofar alfarma ce, kuma tsoron yana da tushe. Tsarin CAPS da JAMB ta shigo da shi a 2017 an yi shi ne don toshe ɗauka ta bayan fage. Amma akwai hanyar da Jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro a farkon shekarun 2000: manemi ya zagaya tashoshi da dama, kowace 'yan mintuna, kowace da alƙalinta daban, a wata ya yi wa mutum bayanin labari mara daɗi, a wata ya warware matsalar amana. Roƙon alƙali ɗaya abu ne mai sauƙi, roƙon takwas da ba a san su ba sai ranar ba haka yake ba. Ana iya barin makin JAMB ya zama ƙofar farko, sannan a tace waɗanda suka haye ta wannan hanya, a kuma sa wata tasha da harshen da majinyatan yankin ke magana da shi.