Yaron Damagaram: Mena ko Super Eagles?

'Yan uwa, kun san Folarin Balogun? A New York aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya, ya tashi a Landan. Ƙasa uku yake da ikon buga wa, a 2023 ya zaɓi Amurka.

To, mu ma fa muna da irinsa, a Birni da Zango har Magarya. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, yarjejeniyarsu da Ingila ta 1906 ta raba mu da Daura da Kano, amma auratayya ba ta tsaya ba. Sai ka ga yaro ɗan Magarya, uwarsa haifaffiyar Ɓaɓura. A dokar FIFA, mahaifar uwa, uba ko kaka ta wadatar, muddin yana da takardar ɗan ƙasa. Nijar kuwa ta halatta zama ɗan ƙasa biyu tun 2014.

Amma wa ke zuwa kallonsa? Espoir ta Zinder ta lashe gasar ƙasa a 1984, bayan Jangorzo ta Maraɗi a 1983. Daga nan kofi ya tare a Yamai, masu zaɓen 'yan wasan Mena ma can suke, kusan kilomita 900 daga filin da yaron nan ke murza leda ba takalmi.