Asirin Barga

Tun zamanin da, masu dawaki sun san ƙarfin doki a ƙafarsa ya ke. Kome kyan ingarma, kome tsadarsa, in jijiyar ƙafa ɗaya ta kumbura, ya tashi daga abin hawa ya koma abin jiyya. Irin wannan ciwo kuwa ba kullum ya kan fito fili ba. Doki ya kan tsaya a turke yana haniniya, gashinsa yana sheƙi, alhali kuwa yaron da ya shafa ƙafarsa da asuba ya ji ɗumi a inda bai kamata ba. Daga nan mutum biyu ko uku sun san abin da sauran jama'a ba su sani ba. Wane ne kuma ya cancanci a gaya masa? Amsar wannan tambaya ta yi ta sakewa bisa ga zamani, da kuma aikin da a ke sa doki.

Zamanin yaƙi

A kwarin Gulbin Rima doki ya daɗe yana cikin sha'anin mulki. Tun sa'ad da Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a Surame, barade su ne ƙashin bayan runduna. A cikin shekarar 1805 rundunar jihadi, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kebbi. Sarakunan Kabi suka fita, daga baya suka kafa zamansu a Argungu. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, mutanen Arewa da Zabarma da Dandi suka goya musu baya. Daga nan aka yi ta gwabzawa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato, ban da 'yan shekarun sulhun da a ke kira Lafiyar Toga. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, ya yi suna ƙwarai wajen kai hari bisa dawaki. Ƙasar Arewa, wadda ke maƙwabtaka da Argungu, ta shahara da dawaki masu sauri da jimiri, har yau kuwa a na kiran irinsu da sunanta.

A wannan zamani lafiyar dawaki asirin fada ce. Da damina ruwa ya kan cika fadama, sauro da ƙudan cizo su yi yawa, dawaki su sha wahala. Sai da rani, in ƙasa ta bushe, a ke fita yaƙi. In abokan gaba suka ji dawakin gari sun rame, ko cuta ta shiga barga, to, sun sami ranar kawo hari ke nan. Saboda haka labarin ya kan bi hanya ɗaya tak: daga ɗan barga zuwa ga shugaban barga, wanda a wasu fadojin Hausa a ke kira Shamaki, daga gare shi kuma zuwa ga sarki. Wanda ya fitar da shi waje ya ci amana. Ba wanda zai zargi mutanen da a kan wannan, gama rufin asirin ya tsare rayukan talakawa ne.

A kasuwa

Amma in aka kai doki kasuwa, sai hukunci ya juya. Littattafan fiƙihu na mazhabar Malikiyya, waɗanda alƙalan ƙasar nan ke shari'a da su, sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a jikin hajarsa. In ya ɓoye, mai saye ya gano daga baya, yana da iko ya mayar da dabbar ya karɓi kuɗinsa. Duk da haka mai saye ba ya sakin jiki. Ya kan buɗe bakin doki ya duba haƙora don ya san shekarunsa, ya ɗaga kofato, ya matsa jijiyoyi, sa'an nan ya sa a yi kilisa da shi a gabansa, ko zai ga ɗingishi. Dillali kuma yana tsakani, ya san in ya rufe aibi yau don la'ada, gobe ba mai kiransa.

Ashe ke nan tun kafin zuwan Turawa akwai ƙa'ida bayyananniya. Abokin gaba ba shi da hakkin ya ji. Wanda zai fitar da dukiyarsa saboda doki kuwa, shi yana da hakki.

Filin sukuwa

Turawan Ingila sun iso Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903. Yaƙi ya ƙare, Birnin Kebbi ta zama mazaunin Sarkin Gwandu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, tsohuwar gaba ta mutu. Dawakin da a da a ke ɗaura wa lifidi suka koma na hawan salla da na tarbar baƙi da na sukuwa.

Sukuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, samari sun saba gwada dawakinsu. Abin da Turawa suka kawo shi ne fili aunanne, da alƙalai, da rubuta sunayen dawaki, da kofi. An yi irin waɗannan filaye a Ikko, watau Legas, da Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan da suka fi ƙaunar wannan wasa. A ƙasar Turawa kuwa sukuwa tafe ta ke da wata al'ada, watau 'yan kallo su zuba kuɗi a kan dokin da su ke zato zai ci. Malamai sun rarrabe abin nan biyu. Shari'a ta yarda da tseren dawaki, ta yarda wani ya sa kyauta ga wanda ya ci, amma kuɗin da 'yan kallo ke zubawa caca ce, haramun ce. Duk da haka ya kamata a san yadda abin ya gudana a inda ya yi ƙarfi, domin ya haifar da wani mutum sabo: wanda ba shi da doki, ba saye zai yi ba, bai taɓa shiga barga ba, amma kuɗinsa na rataye da ƙafar dokin wani.

Abin da ya faru a Ingila

A Ingila akwai wani gari, Newmarket, wanda ya zama cibiyar horar da dawakin sukuwa. Wajen shekarar 1750 manyan masu dawaki suka kafa ƙungiyar da a ke kira Jockey Club, ita ta riƙa tsara dokokin wasan. A 1780 aka fara babbar sukuwar nan ta Derby a Epsom. Mutane su kan fara zuba kuɗi a kanta tun da sauran watanni. Ƙa'idar irin wannan caca ta tun da wuri kuwa ita ce, in dokin da mutum ya zaɓa bai fito ba ran sukuwa, kuɗinsa sun nutse.

Mai karatu zai ga inda ɓarna ta ke. In doki ya gurɗe yau, mai horar da shi ya yi shiru har mako guda, jama'a za su yi ta zuba kuɗi a kan dokin da ba zai gudu ba. Wanda ya ji labari a ɓoye sai ya yi ta karɓar kuɗin nan hankali kwance, ya san ba zai biya kowa ba. Masu dawaki na wancan zamani sun ɗauka doki nasu ne, labarinsa ma nasu ne, ba su ga abin da ya haɗa su da 'yan kallo ba. Saboda haka sai wata sana'a ta tsiro, ta 'yan leƙen asiri. Su kan ɓuya a bayan shinge da sassafe su ga dokin da aka fito da shi da wanda aka bari a turke, su kan saye yaran barga da 'yan kuɗi, sa'an nan su sayar da labarin.

Da aka ga labarin ciwo yana da tsada haka, sai waɗansu suka shiga ƙirƙirar ciwon da kansu. A 1811 wani ɗan leƙen asiri, Daniel Dawson, ya zuba guba a kwamin da dawaki ke shan ruwa a Newmarket, waɗansu suka mutu. Aka kama shi, aka rataye shi a 1812. Shekara 150 bayan wannan guba abin bai gushe ba. A 1961 wani doki mai suna Pinturischio, wanda jama'a suka fi sa wa rai a Derby, aka shiga barga da dare aka ɗura masa magani, ya lalace, bai yi sukuwar ba. Kuɗin waɗanda suka zaɓe shi tun da wuri suka salwanta. Dokin da ya ci, Psidium, kusan ba wanda ya kula da shi, har sule ɗaya da aka sa a kansa ya jawo ribar sule 66.

Yadda aka gyara

Sannu a hankali hukumomin sukuwa suka gane, in jama'a suka tabbata a na cutarsu, za su daina zuwa, wasan ya mutu. Sai suka shiga ɗora wa mai horar da doki nauyi irin wanda shari'a ta ɗora wa mai sayarwa a kasuwa. Yanzu a Ingila tilas ya tabbatar da sunan dokinsa kafin ranar sukuwa. In zai janye shi bayan haka, sai ya faɗi dalili, sau da yawa da takardar likitan dabbobi, a kuma sanar da kowa a lokaci ɗaya. Wanda ya sa kuɗi bayan an tabbatar da sunaye, in aka janye dokinsa a kan mayar masa da kuɗinsa. An hana mai horo da mahayi da ɗan barga sayar da labarin cikin gida. Daga watan Janairu na 2018 kuma, in an yi wa doki aikin maƙogwaro don gyara numfashinsa, sai an rubuta a takardar sukuwa kowa ya gani. A Hong Kong hukumar sukuwa ta kan buga tarihin ciwon dawaki a intanet.

Masu horo da kansu sun ga amfanin fitowa fili. A watan Agusta na 1972 Mill Reef, wanda ya ci Derby a 1971, ya karye a ƙafar gaba wajen motsa jiki. Ba a ɓoye ba, aka yi masa aiki, ya rayu, ya zama uban dawaki masu yawa. A Amurka kuma, a 2006, wani doki mai suna Barbaro ya karye a ƙafar baya a tsakiyar fili, dubban mutane na kallo. Likitocinsa suka riƙa ba da labarin halin da ya ke ciki har wata takwas, kafin a hutar da shi a Janairun 2007.

Amma doka ba ta iya shiga kowane lungu. Tsakanin lafiya lau da karaya akwai hali iri iri: dokin da ya bar dusarsa jiya, dokin da ya yi tari, dokin da ya kwana biyar bai fita ba. Ba dokar da ta ce a faɗi waɗannan duka. In ɗan jarida ya tambayi mai horo, ya ce an sami 'yar matsala kaɗan, wannan magana tana iya nufin ƙurji, tana iya nufin jijiya ta tsinke. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Komowa gida

Wannan sha'ani bai tsaya a Turai ba. A 1930 aka kafa hukumar cacar sukuwa ta Faransa wadda a ke kira PMU, a 1954 kuma ta fito da wasan zaɓen dawaki uku na farko. Daga baya irin wannan wasa ya ƙetaro zuwa ƙasashen da Faransa ta mallaka. A Jamhuriyar Nijar, wadda ke iyaka da Jihar Kebbi, hukumar caca ta gwamnati tana karɓar kuɗi a kan dawakin da ke gudu a filayen Faris. Mutum yana zaune a Yamai ko Dosso ko Maraɗi, da takarda mai sunaye da lambobi a hannunsa, yana lissafi a kan dokin da bai taɓa gani ba. Tsakaninsa da wanda ya shafa ƙafar dokin da asuba akwai hamada da teku. Duk abin da ya iso gare shi, ya riga ya bi ta kunnuwa masu yawa.

A Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991, aka kuma ƙarfafa aiki da shari'ar Musulunci a cikinta tun daga 2000, darajar doki tana ga hawan salla da gasar da a ke cin kyauta. Masu dawaki daga Nijeriya da Nijar su kan haɗu a filayen sukuwa na Arewa, labarin ciwo kuwa ya kan yaɗu da baki ko ta waya. Ko ba caca, tsohuwar tambaya tana nan. Mai doki ya kashe kuɗin mota da harawa, ya yi tafiya mai nisa, sai ran sukuwa ɗan barga ya ce masa ƙafa ta yi ɗumi. In ya yi shiru ya sa doki a layi, ya sa ran mahayi cikin hatsari, mahayan sukuwa kuwa galibi samari ne marasa nauyi. Ya sa mahayan da ke biye da shi cikin hatsari, gama doki in ya faɗi cikin gudu, na bayansa su kan yi tuntuɓe da shi. Ya kuma yaudari wanda zai taya dokin bayan wasa. Targaɗen da hutun wata biyu zai warkar, gudu ɗaya ya kan mai da shi karaya, dokin da ya karye kuwa da wuya ya sake tashi.

A zamanin Sama'ila an rufe asirin barga don kada gari ya ƙone. Yaƙin ya ƙare fiye da shekara 100 da suka wuce, waɗanda ke tsaye a bakin fili yanzu ba abokan gaba ba ne. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar kasuwa wadda alƙalan Gwandu da na Argungu suka sani tun da: wanda ya san aibi ya faɗa, tun kafin wani ya sa dukiyarsa ko ransa a kai.