Likita bahago ne ko mai hannun dama: shin hakan yana shafar tiyatar maƙoƙo ta ƙaramin yanka?

Idan za a yi maka ko ɗan'uwanka tiyatar maƙoƙo, wato kumburin halittar tayirod da ke gaban wuya, kana iya tambayar ko hannun da likita ya fi sabawa da shi yana da tasiri. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, kuma akwai ƙwararrun likitocin tiyata a cikinsu.

Yadda aikin yake

Farfesa Paolo Miccoli na birnin Pisa a Italiya ne ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1990. Ana yin yanka na kimanin santimita 2 a wuya, a zura siririyar kyamara, likita yana kallon allo. Wurin yana da ƙunci, don haka hannu biyu ke aiki tare: ɗaya yana ɗaga nama, ɗaya yana rabawa.

Ina hannu ya shigo?

Tayirod tana da ɓangare biyu, dama da hagu. Bayan kowanne akwai jijiyar da ke motsa murya, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce: ta hagu tana hawowa kusan a miƙe, ta dama a karkace. Ɓangare ɗaya yakan fi yi wa likita sauƙin kaiwa, gwargwadon hannunsa. Yawancin almakashin tiyata ma don hannun dama aka ƙera su. Ana magance wannan da sauya wurin tsayuwa, da kayan aikin da suka dace, da horar da hannu biyun.

Abin da ya fi muhimmanci

Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa matsaloli sun ragu a hannun likitocin da ke cire tayirod gaba ɗaya fiye da sau 25 a shekara. Manyan matsalolin su ne dashewar murya, zubar jini, da faɗuwar sinadarin kalsiyam, mai sa yatsu da leɓe su yi jirr.

Tambayi likitanka

- Sau nawa yake yin wannan aiki a shekara?
- Za a duba muryarka kafin aiki da bayansa?
- Girman maƙoƙon ya dace da ƙaramin yanka?

Babban maƙoƙo, irin wanda ya daɗe saboda ƙarancin aidin, yakan buƙaci tiyatar da aka saba, kuma ita ce ta fi aminci a gare shi. Bayan aiki, idan wuya ya kumbura farat ɗaya ko numfashi ya yi wahala, sanar da ma'aikatan asibiti nan take.