Matakin Ciro Bayanai daga Rubutun SystemVerilog: Nazari a kan Verible, slang da Yosys

Tun da ƙungiyar IEEE ta daidaita harshen Verilog a 1995, sannan SystemVerilog a 2005, masu zayyana da'irorin lantarki suke buƙatar mayar da rubutunsu tsararrun bayanai da wata manhaja za ta iya karantawa. Akwai masu ganin cewa muddin manhajar layin umarni ta fitar da JSON, to magana ta ƙare. Wannan maƙala tana jayayya da su. An ɗauki misalin rubutu mai parameter da ke ƙayyade faɗin da'ira, da madaukin generate da ke maimaita wani sashe sau 8, aka bi diddigin abin da kowace ɗaya daga manhajojin Verible, slang da Yosys take yi da shi.

Verible, wadda ta samo asali daga Google, tana bayar da bishiyar nahawu idan an sa mata --export_json. A nan madaukin yana nan guda ɗaya kamar yadda aka rubuta shi, domin manhajar ba ta lissafa darajar parameter. Ita kuwa slang ta Mike Popoloski, da umarnin --ast-json, sai ta warware zayyanar tukuna, don haka sassa 8 ɗin suna bayyana, kowace siginal da faɗinta. Yosys, wadda Claire Wolf ta fara, ta fi nisa. Umarninta na write_json ba ya ma karɓar zayyana mai tubalan always sai an fara gudanar da proc, wanda ke mayar da su ƙwayoyin lantarki. Abin da ke fitowa jerin ƙwayoyi ne da wayoyi, kowane bit da lambarsa, tsayayyun darajoji kuma a rubuce a matsayin "0", "1", "x" ko "z". Wannan fayil shi manhajar nextpnr ke karantawa don shimfiɗa da'ira a kan FPGA. Saboda haka mai son duba salon rubutu da ya ɗauki fayil ɗin Yosys zai tarar madaukin ya ɓace, mai ƙirga wayoyi da ya ɗauki na Verible kuma zai ƙirga ɗaya a inda akwai 8, alhali dukkansu JSON ne ingantacce.

Ana iya cewa Yosys tana ajiye alamar src, mai nuna fayil da layin da kowace ƙwaya ta fito, don haka ba a yi asarar komai ba. Hujjar tana da ƙarfi wajen neman kuskure, amma iyakarta nan. Ƙwayoyi 8 da suka nuna layi ɗaya ba sa faɗin sharaɗin madaukin da ya haife su. Sai an koma an sake karanta rubutun, wato aikin da aka so a guje wa tun farko.

Gaskiya ne cewa misali ɗaya bai wakilci manyan zayyanoni ba, kuma ba a taɓo harshen VHDL ba, inda manhajar GHDL ke fitar da XML. Siffar fayilolin ma tana iya sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, kamar yadda manhajar Verilator ta ƙara --json-only bayan daɗewa tana amfani da --xml-only.