Yadda Ake Tafiyar Da Matakan Aiki A Manhajojin Haɗin Gwiwa

Matakan aiki su ne zangunan da kowane aiki ke bi tun daga ranar da aka ƙudurta shi har zuwa kammala shi. A manhajoji irin su Trello da Jira da Asana, ana nuna su ne a kan allo da aka raba gida-gida. Kowane aiki yana da katinsa, kuma ana matsar da katin zuwa gida na gaba yayin da aikin ke ci gaba.

Asalin tsarin

Tsarin ya samo asali ne daga kamfanin motoci na Toyota da ke Japan, inda injiniya Taiichi Ohno ya ɓullo da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ana kiran sa Kanban, kalmar Japananci mai nufin allon sanarwa ko kati. A masana'antar, ba a ƙera wani kayan gyara sai kati ya iso daga sashe na gaba yana neman sa.

David Anderson ya gwada wannan dabara a aikin manhaja a Microsoft a 2004, ya kuma wallafa littafi a kanta a 2010. Kamfanin Atlassian na Ostareliya ya fitar da Jira a 2002, sannan ya sayi Trello a 2017 kan dala miliyan 425.

Tsara matakai

Allo mafi sauƙi yana da gida uku: abin da za a yi, abin da ake kan yi, da abin da aka gama. Sai dai kowace ma'aikata na iya sauya su daidai da aikinta. Ɗakin labarai, alal misali, zai iya amfani da gida huɗu: rahoton da aka ba wakili, wanda ake rubutawa, wanda ke gaban edita, da wanda aka wallafa.

A Jira, mai kula da tsarin ne ke fayyace hanyar da kati zai bi da kuma wanda ke da ikon matsar da shi. Ta haka za a hana rahoto tsallake teburin edita.

Ƙayyade yawan aiki

Babban amfanin allon shi ne nuna inda cunkoso yake. Idan katuna suka taru a gida ɗaya, to a nan aiki ke tsayawa. Shi ya sa ake ƙayyade yawan katunan da kowane gida zai ɗauka, kuma a Jira gidan da ya zarce adadinsa yakan rikiɗe ya zama ja.

Akwai lissafi a bayan hakan. Ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961 ta nuna cewa tsawon lokacin jira ya dogara ne ga yawan ayyukan da ke hannu da kuma saurin kammala su. Idan tawaga na riƙe da ayyuka 20 tana gama 5 a mako, kowane aiki zai ɗauki kimanin mako 4. Idan ta rage su zuwa 10, lokacin zai koma mako 2, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba.

Kurakuran da aka fi yi

Yawan matakai fiye da kima yana sa ma'aikata su gaji da matsar da kati. Haka kuma, matakin da ba a rubuta sharaɗin fita daga cikinsa ba yakan haifar da gardama kan ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba.

Kafin a soke wani mataki, wajibi ne a fara mayar da katunan da ke cikinsa zuwa wani gida, don kada aiki ya salwanta.

Mafi muni shi ne allon da ba a sabunta shi. Shugaban da ya dogara da irin wannan allo zai yanke hukunci ne bisa bayanin da ya riga ya tsufa, alhali aikin na can a tsaye.