Ladi Kwali: Haɗuwar Fasahar Gbagyi da ta Ƙetare

An haifi Ladi Kwali wajen 1925 a garin Kwali, cikin Babban Birnin Tarayya na yau, inda ta koyi ginin tukwane na gargajiya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da sana'ar da Michael Cardew, mutumin Ingila, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja. Shi Cardew almajirin Bernard Leach ne, wanda ya koyo sana'ar a Japan. Ta wannan silsila Ladi ta karɓi dabarun shafen ƙyalli da gashi mai tsananin zafi, amma ba ta saki zanen Gbagyi na ƙadangare da kunama da kifi ba; shi ta nuna, ta koyar gida da waje. Ta rasu a 1984. Hotonta ke bayan takardar naira 20.