Mudun da ake auna aikin zuciya da shi

A 1870 wani masani Bajamushe mai suna Adolf Fick ya gabatar da gajeriyar takarda a birnin Würzburg. Hujjarsa ita ce, in ka san yawan iskar oksijin da jikin mutum ke amfani da ita a minti guda, ka kuma san bambancinta tsakanin jinin da ke shiga huhu da wanda ke fita, to ka san lita nawa zuciya ke harbawa. A lafiyayyen baligi da ke hutawa, kusan lita biyar ne a minti. Matsalar ɗaya ce: lissafin na buƙatar jini daga cikin zuciya, wa zai shiga ya ɗebo?

Sai a 1929 aka samu mai ƙarfin hali. Werner Forssmann, matashin likita ɗan shekara 25 a garin Eberswalde, ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa har ya kai zuciya, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoton ƙashi don ya nuna shaida. Manyansa suka ɗauke shi mahaukaci. A 1956 ya raba kyautar Nobel da André Cournand da Dickinson Richards, waɗanda suka mayar da gangancinsa aikin asibiti a New York.

A 1970 Jeremy Swan da William Ganz suka ɗaura wa bakin tiyon ɗan balan-balan, jini ya riƙa tura shi kamar yadda iska ke tura jirgin ruwa. Ana ɗura ruwa mai sanyi, na'ura a bakin tiyon ta auna yadda zafin jini ya sauka, daga nan a san lita nawa zuciya ke harbawa. Ɗakunan masu jin jiki sosai suka rungume shi, har 1996 da wani bincike kan majinyata 5,735 a Amurka ya nuna mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka saka wa. Gwajin Birtaniya na 2005 kuwa bai ga bambanci ba.

Daga nan sababbin hanyoyi suka samu kasuwa, irin su hoton zuciya da sauti da karanta bugun jijiya. Abin mamaki, da tsohon tiyon ake gwada su, alhali shi kansa mudu ne mai kuskuren kusan kashi 20 cikin ɗari. Shi ya sa a 1999 Lester da Julian Critchley suka ce a karɓi sabuwar hanya muddin saɓaninta da tiyon bai wuce kashi 30 ba.